Jawabi Kan Lafiyar Makiyaya: Abin Da Bincike Ya Gano Da Abin Da Ya Rage Gare Mu

 

Sarakunanmu da ardo-ardo, iyayenmu mata, ƴan'uwa makiyaya, dillalai da fataken bisashe, da ma'aikatan lafiya da na kiwo waɗanda suka amsa gayyatarmu, muna yi muku barka da zuwa. Mun san wasunku sun baro garke a hannun yara, wasu kuma sun bar kasuwa tana ci. Allah shi saka da alheri.

Kullum in muka taru, maganar burtali da rijiya da ɓarnar gona ita ke cinye mana yini. Yau kwamitin ƙungiya ya ɗora mana wata magana dabam, watau lafiyar mutanen da ke bayan garke, da wurin kwanansu, da wanda zai kula da su ranar da ƙarfi ya ƙare. Masana sun yi bincike mai yawa a kan wannan, sun rubuta da Faransanci da Turanci, takardun suna ajiye cikin ofisoshi a Yamai da Injamena da Turai. Mu aka bincika. Saboda haka ya kamata mu ji abin da aka gano da harshen da muke ji, domin mu san abin da za mu riƙe a hannu ranar da muka shiga wurin magajin gari ko babban likitan gunduma.

Abin da aka gano a Cadi

Za mu fara da maƙwabciyarmu Cadi, domin kiwonsu irin namu ne, kuma can aka yi binciken da ya fi taɓa mu. A shekarun 1999 da 2000, masana na wata cibiyar nazarin cututtuka ta birnin Basel a ƙasar Suwis, tare da ma'aikatan gidan binciken cututtukan dabbobi na Farsha da ke Injamena da likitocin ƙasar, suka bi rugage a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem. Sun shiga wurin Fulani masu shanu, da Larabawa masu shanu, da Larabawa masu raƙuma. Likitan mutane da likitan dabbobi suka tafi tare, wannan yana duba mutanen gida, wancan yana duba garke.

Ga abin da suka tarar. Cikin dukan yaran da suka duba ba su samu ko ɗaya da ya cika alluran rigakafinsa ba. Amma shanun iyayen yaran nan, mafi yawansu an yi musu allura.

Jama'a, ku tsaya ku auna wannan magana. Wanda bai san makiyayi ba zai ce ai mun fi son saniya da ɗan cikinmu. Masu binciken ba haka suka gani ba. Abin da suka gani shi ne allurar shanu tana zuwa har inda garke yake, da mota da ma'aikata da ranar da aka sanar, ita kuwa allurar yara tana zaune cikin firji a gidan likita tana jiran a kawo mata yaro daga nisan yini biyu. Sun kuma ji koke-koken da mu ma muka sani: mace ba ta fita sai da izinin maigida da kuɗin hanya da mai raka ta, alhali maigidan yana can da shanu, in an isa gidan likita ba a jin harshen juna, wani lokaci a bar mutumin daji a ƙarshen layi har rana ta faɗi.

Yadda aka kashe bushiya

In wani ya ce muku ba a iya kai aikin hukuma ga mai yawo, ku tuna masa da bushiya. Dattawan da ke nan sun san ɓarnar da ta yi. A 1962 aka fara babban zagayen allurar bushiya a ƙasashen tafkin Cadi, watau Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi. Da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980, ta share garake. A 1986 ƙasashen Afirka suka sake tashi da wani shirin, ana yi wa saniya allura ana huda mata kunne don shaida. Daga baya masana suka samo allurar da ke jure zafi, wadda ake iya ɗauka a kan raƙumi ko keke ba tare da ƙanƙara ba, aka kuma koya wa makiyaya da kansu yin ta a wuraren da mota ba ta shiga, kamar Kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Ba a zaunar da shanu wuri ɗaya ba kafin a ci wannan nasara. An bi su ne inda suke, an kuma yi aiki da masu su. Hanyar da ta kai allura ga saniya tana nan, ba ta ɓace ba.

Mota ɗaya, likita biyu

Wannan hanyar mutanen Cadi suka bi. Bayan sun zauna da shugabannin makiyaya da hukumomi, suka shirya zagayen haɗin gwiwa: mota ɗaya, akwatin ƙanƙara, ma'aikacin dabbobi da ma'aikacin mutane. Maza suna wurin shingen allura da shanu, mata da yara suna ƙarƙashin itace ana yi musu tasu. Tsakanin 2000 da 2005 aka yi wa bisashe kusan 150,000 allurar ciwon saifa da harbin daji da ciwon huhu. Yara fiye da 4,600 ƴan ƙasa da shekara 5 suka cika allurar mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da ɗigon shan-inna. Mata fiye da 6,000 suka samu allurar sarƙe-haƙora aƙalla sau biyu, wadda ke kare uwa da jariri lokacin yanke cibiya. Da aka yi lissafi, an ga ɓangaren lafiyar mutane ya rage kashe kuɗi da kamar kashi 15 cikin 100, saboda an raba kuɗin mota da mai. Daga baya gwamnatin Cadi ta kafa wani shiri na musamman cikin ma'aikatar lafiya domin makiyaya da mazauna tsibirai da wuraren da ke da wuyar shiga.

Amma binciken ya nuna inda gizo ke saƙa. Saniya allura ɗaya a shekara ta ishe ta. Yaro kuwa sai an yi masa sau uku, da tazarar wata guda tsakaninsu. Yara da dama sun samu ta fari, amma da motar ta dawo ta tarar ruga ta tashi, sai toka da kashin shanu. Saboda haka ku riƙe wannan daga bakin likitoci: yaron da aka fara yi wa allura, ko an yi jinkirin wata uku ko biyar, ba a sake farawa daga farko. Ana ci gaba ne daga inda aka tsaya. Abin da ake bukata shi ne karne, ɗan littafin nan na asibiti, ya kasance a hannun uwa, kowane gidan likita kuka iske a hanya ku nuna shi. Tsarin kuwa shi ne allurar tarin fuka da haihuwa, sa'an nan sati 6 da sati 10 da sati 14, sa'an nan ta ƙyanda da shawara a wata 9.

A farkon shekarun 2010 an sake wani gwaji kusa da tafkin Cadi. Masu bincike suka riƙa kiran rugage ta salula lokaci-lokaci, suna tambayar inda aka sauka, wa aka haifa, wa ya rasu, bisa nawa ta ƙaru ko ta faɗi. Gwajin ya nuna ana iya sanin halin da ruga ke ciki ko tana tafiya. Yau da wuya ka samu rugar da babu salula. Uzurin cewa ba a san inda muke ba ya ragu ƙwarai.

A nan gida Nijar

Ƙasarmu ma ta yi abin a yaba. Tun farkon shekarun 2000 aka gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 a ƙauyuka. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 aka raba gidajen sauro wajen miliyan 2 tare da ɗigon shan-inna. A 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu awon ciki kuɗin asibiti. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, 226 ke rasuwa kafin su cika shekara 5, amma zuwa 2009 adadin ya sauko zuwa 128. A ƙarshen 2010 Nijar tana cikin ƙasashe uku na farko, tare da Mali da Burkina Faso, da suka fara sabuwar allurar sanƙarau. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta tabbatar kurkunu ya ƙare a ƙasarmu. Duk wannan alheri ne, mun gode Allah.

Tambayarmu ita ce, nawa ne daga cikin wannan alheri ya iso ruga? Ma'aikatar lafiya tana auna aikinta da yawan mutanen da ke zaune ƙasa da kilomita 5 daga gidan likita, kuma wajen rabin ƴan ƙasa ne kawai ke cikin wannan da'ira. Makiyayin da ke arewa da Dakwaro, ko tsakanin Abalak da Ingal, ko bayan Tasker, kilomita 5 ko nisan rijiyarsa bai kai ba. Yawancin ayyukan an gina su ne a kan mai gari da jerin gidajen ƙauye. Wanda babu sunansa cikin littafin mai gari, ranar rabo sai ya ji labari.

Ga misali ɗaya. A 2012 OMS ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara daga wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya kowane wata a lokacin damina, domin gwaje-gwaje a ƙasashen Sahel sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu. Masu rabon suna bin gida-gida. To, watannin da ake rabon nan su ne watannin da muke can arewa, mun bar yankin gonaki, muna sauka bakin tabkuna inda sauro ya fi yawa. Yaron da ya fi kowa kwana kusa da ruwa shi ne mai rabo bai san da shi ba. Ba mugunta ce ta ma'aikaci ba. Takardar da aka ba shi babu ruga a cikinta.

Cututtukan da muke rabawa da bisashe

Dalili na biyu da ya sa masana ke cewa likitan mutane da na dabbobi su yi tafiya tare shi ne akwai cututtukan da ke tsallakowa daga bisa zuwa mutum. Wannan ya shafi dillali da mahauci da mai lodin mota kamar yadda ya shafi makiyayi.

Ba mu manta da 2016 ba. A watan Agusta na shekarar, zazzaɓin da likitoci ke kira na Kwarin Rif ya ɓulla a yankin Cintabaradan da Tasara cikin jahar Tawa, ana dab da taron gishiri na Ingal. Mutane fiye da 30 suka rasu, mafi yawansu makiyaya. Ciwon nan sauro ke yaɗa shi tsakanin bisashe, mutum kuma yana ɗaukarsa in ya taɓa jini ko ɗan tayin da aka zubar. Alamarsa ta farko a garke take bayyana: tumaki da awaki su yi ta ɓari, ƙanana su yi ta mutuwa. Watau makiyayi shi ne ke fara gani tun kafin likita ya ji. In labari ya isa da wuri, ana ceton rayuka.

Haka bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. A jikin mutum yana zama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin sauro ba sauƙi. Yana shiga ta ɗanyar madara da taɓa mahaifa da hannu tsirara. Tarin fukan shanu ma ta ɗanyar madara yake bi. Iyayenmu mata, shawarar masana ita ce a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita, domin tsami kaɗai ba ya ba da tabbacin kashe ƙwayar cuta. Mai taimakon bisa wajen haihuwa ya sa leda a hannu, ya wanke da sabulu, a binne mahaifa kada kare ya ja.

Ciwon saifa kuwa, bisar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura bai daskarewa, kada a feɗe ta, kada a sayar da fatarta. A ƙone ta ko a binne ta da zurfi, a sanar da ma'aikacin kiwo. Ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Ƴan'uwa fatake, mun san asara ba ta da daɗi, amma bisa ɗaya mai ciwo in ta shiga kasuwa tana iya jawo a rufe kasuwar gaba ɗaya, kowa ya yi asara.

Maganar muhalli

In aka ce gyaran muhalli, mutumin birni yana tunanin bulo da kwano. Bukkarmu ta tabarma da tantin fata an yi su ne daidai da rayuwarmu, jaki ɗaya ko raƙumi ya ɗauke su. Bukatarmu ta muhalli iri uku ce.

Ta farko, wurin da za mu ce nan ne gida. Dokar karkara ta 1993 ta yarda makiyaya suna da mazaunin asali, inda suke da haƙƙin fifiko kan ciyawa da ruwa. Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi wanda hukuma ta amince da shi. Wannan ya shafi lafiya kai tsaye. Mazaunin da aka rubuta a wurin hukumar filaye shi ne wurin da za a iya neman a gina rijiya da ɗakin magani da makaranta, shi ne kuma inda tsofaffi da masu ciki ke zama in garke ya tafi. Mazaunin da ba a rubuta ba, wata rana sai a tarar an nome shi.

Ta biyu, masauki kusa da gidan likita. A nan akwai darasi daga arewacin Kenya. A 1976, a garin Wajir, wata ma'aikaciya ƴar Italiya mai suna Annalena Tonelli ta ga makiyaya Somaliyawa suna fara shan maganin tarin fuka su bari saboda tafiya. Sai ta ce maras lafiya ya kafa bukkarsa irin ta gida kusa da wurin magani, ya zauna har ya gama, ana ba shi magani a hannu kullum. Mutane suka yarda domin bukkarsu ce, ba ɗakin asibiti ba, da yawa kuma suka warke. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha ba fashi, wanda ya yanke a tsakiya ciwon na iya dawowa ya ƙi jin magani. Haka kuma a 2015 OMS ta ba da shawarar a yi gidajen jiran haihuwa kusa da asibiti domin matan da ke nesa, mace ta zo in watanta ya kama ta zauna har ta sauka. Kowa a nan ya san macen da naƙuda ta tsaya mata cikin dare aka ɗora ta a amalanke, ba ta kai ba. Fili kaɗan da rumfa da ruwa da makewayi a gefen gidan likita ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Ta uku, cikin bukka. Gidan sauro yana ɗauruwa a kan sanda huɗu ko a fili ne. A yi girki a waje in hali ya yi, domin hayaƙi cikin bukka yana jawo ciwon haƙarƙari ga jarirai. Ruwan tabkin da bisashe suka shiga, a tace shi a tafasa ko a sa maganin ruwa kafin a ba yaro.

Tsofaffi da marasa ƙarfi

Farin 1973 da na 1984, da wahalar 2005 da ta 2010, sun bar mana gidajen da ba su sake tashi ba. Mu muna da tsarinmu tun kaka da kakanni, watau haɓɓanaye: a ba ɗan'uwa aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya maido uwar. Masu furoje da yawa sun gwada hanyoyi dabam-dabam na mayar wa mutane da garke bayan fari, daga ƙarshe da yawansu wannan tsarin namu suka ara, har da sunansa. Wannan ya nuna mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma haɓɓanaye yana tafiya ne in maƙwabci na da abin bayarwa. Shekarar da kowa ya rasa, sai hukuma. A 2011 gwamnati da Bankin Duniya suka fara shirin tallafin gidaje matalauta, inda aka riƙa bai wa gida jika 10 kowane wata har wata 18. Irin wannan tallafi da jerin sunaye yake tafiya, jerin sunaye kuma da takarda. Tsohuwar da ba ta da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa, makahon da ke zaune a ruga, marayun da ke hannun kawu, in ba mu kai sunayensu ba, ba wanda zai kai. A ƙidayar noma da kiwo da aka yi tsakanin 2005 da 2007 an samu bisashe wajen miliyan 31 a Nijar. Ƙasar da ta iya ƙirga akuya za ta iya ƙirga mai akuyar.

Abin da za mu kai wa hukuma

Kwamiti ya tsayar da buƙatu biyar da za mu kai wa magadan gari da likitocin gundumomi da ma'aikatan kiwo, kowace kuma tana da shaidar bincike a bayanta.

Na ɗaya, duk lokacin da aka fita zagayen allurar bisashe na shekara, ma'aikacin lafiyar mutane ya shiga motar, a kuma tsara dawowa sau biyu domin yara.

Na biyu, a sa rugage da tabkunan damina da manyan rijiyoyi cikin takardar rabon maganin sauro da gidan sauro, a kuma ba uwa mai tafiya bayanin inda za ta karɓi na wata mai zuwa.

Na uku, a horar da ƴaƴanmu maza da mata daga cikin ruga su zama mataimakan lafiya masu tafiya da garke, kamar yadda aka horar da mataimakan likitan dabbobi. Wanda ke jin Fulatanci ko Buzanci ko Tubanci, mace za ta faɗa masa abin da ba za ta faɗa wa baƙo ba.

Na huɗu, a ware fili da rumfa a gefen gidajen likita na yankin kiwo domin masu jiran haihuwa da masu shan maganin tari.

Na biyar, ranar kasuwar bisashe gidan likita ya kasance a buɗe da allura, a kuma riƙa kawo masu yin takardar haihuwa kasuwa da wuraren taron shekara.

Abin da ya rage gare mu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zagayen Cadi ya yi nasara ne domin shugabannin makiyaya sun zauna da ma'aikata sun ce, a wata kaza muna rijiya kaza. Saboda haka muna roƙon kowane ardo, kafin a saki gonaki garake su gangara kudu, ya ba sakataren yankinsa abu uku: hanyar da mutanensa za su bi da watannin saukarsu, lambar salula biyu da ake samu, da yawan yara ƙanana da mata masu ciki da tsofaffin da ba su da mai kula da su. Mun san akwai masu tsoron ƙidaya saboda tunanin jangali. Wannan lissafin na mutane ne, ba a tambayi kowa yawan shanunsa ba, kuma a hannun ƙungiya zai zauna.

Magidanta, kafin ku yi nisa da garke ku bar wa iyali izini da kuɗin hanya, ku faɗa a gaban shaidu cewa in ciwo ya taso a tafi asibiti ba sai an jira ku ba. Iyaye mata, karnen yaro ya shiga leda ya zauna cikin kayan da ba a rabuwa da su. Wanda ya yi tari fiye da sati 2 ya je a auna majinarsa. Dillalai da fatake, ku ne kuka fi mu shiga gari, kowace kasuwa da ku ake ci. Ku zama masu kai labari: ranar allura ku faɗa wa baƙinku, in kun ji ɓari ya yi yawa a wani yanki ku sanar da ma'aikacin kiwo. Mai masauki da ke karɓar la'ada a kan sa, ya taimaki baƙonsa da tafinta in ya kawo maras lafiya.

In masu bincike suka sake zuwa rugarku, ku karɓe su, amma ku tambaye su abu biyu: me za a yi da amsar da muka bayar, kuma yaushe za ku dawo ku faɗa mana abin da kuka gano? Ku sanar da ƙungiya sunan aikinsu domin mu bi sawu. A taro mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowane yanki zai tashi ya faɗi rugage nawa mota ta iso, da yara nawa suka cika allura uku.

Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi albarkaci garakenmu da zuriyarmu, shi jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda ya ji, ya kai wa wanda bai zo ba.